Doki Ba Tabarma Ba Ne: Martani Ga Mai Kiran Mu Marowata

Wani malami da ya yi rubutu kan aron doki ya yi magana da zafin zuciya, kuma na gane inda zafin ya fito. Ya ce ranar hawa ya ga samari sun sha rawani sun tsaya a bakin hanya suna kallo, alhali ga dawaki ɗaure a bargar masu hali babu mai hawa. Ya kira wannan rowa, ya ce ita za ta kashe al'adar hawa tun kafin talauci ya kashe ta. Ya ce a da mutum yaro kawai yake aikawa a kwanto masa dokin maƙwabci, ba sharaɗi ba shaida, yanzu kuwa sai an yi ta kai da komo kamar ana neman aure. Labaran da masu dawaki ke bayarwa na dokin da aka dawo da shi da rauni kuma, a ganinsa, yawancinsu abin fakewa ne. Dabba ce, in ta ji ciwo za ta warke, zumunci ya fi ta.

Ni mai doki ne. Shekara 19 ke nan turke bai rabu da gidana ba, kafin nan kuma na yi ƙuruciyata ina kwashe kashi da yankan ciyawa a bargar kawuna. Na ari doki, na ba da aro, kuma ta kowane gefe na sha ɗaci. Saboda haka, Malam, ka ba ni dama in faɗa maka abin da ba a hangowa daga bakin hanya.

Akwai wani bikili da na saya a kasuwar Maigatari wata Alhamis, yana ɗan shekara uku, ko sirdi bai gama sabawa da shi ba. Shekara biyu na yi ina aikinsa. Kullum bayan la'asar mu fita kilisa, sannu a hankali, har ya kai ga in na ɗan motsa yatsa a kan linzami ya san abin da nake so. Ana buga bindiga kusa da kunnensa ba ya zabura. Yara na wucewa ta ƙarƙashin wuyansa ba ya ko ɗaga ƙafa. Sai wani aminina, wanda muka yi makarantar allo tare, ya zo ya ce ƙanensa zai yi hawan angwanci, yana son bikilin. Raina bai so ba. Amma ta yaya zan dubi idon mutumin da muka ci a akushi ɗaya tun muna yara in fara jera masa sharuɗɗa? Na ce a zo a ɗauka. Na so in haɗa shi da yaron da ke kula da shi, sai aminin nawa ya ce kada in wahalar da yaro, suna da wanda zai riƙe. Na yi shiru. A zuciyata ango ne zai hau, a yi takama daga gidansu zuwa gidan surukai a dawo kafin magariba. Ban faɗi haka da bakina ba, domin na ɗauka abu ne da kowa ya sani.

Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare wani yaro da ban taɓa gani ba ya jawo dokin ya tsaya a ƙofar gida. Gumi ya bushe a jikinsa ya yi fari kamar an barbaɗa masa gishiri. Majayi na nan a ɗaure tamau, tun la'asar ba wanda ya sassauta shi. Jini ya daskare a gefen bakinsa, haƙarƙarinsa duk shaidar ƙaimi. Sirdin da ke kansa ma ba nawa ba ne, wai nawa ba shi da ado, suka ɗora masa wani da aka yi wa doki mai faɗin baya. Da na ɗaga zubka, sai ta taso da fatar gadon bayansa. Ban yi barci ba a daren nan. Washegari ya ci harawarsa, na ce to, miki ne, zai warke. A rana ta uku ya ƙi taka ƙafar gaba ta hagu. Agarar bayan ƙwaurinsa ta kumbura, in ka taɓa zafi rau. Likitan dabbobi ya duba ya ce jijiyar ta samu rauni, babu wani magani da ya wuce hutu na watanni, kuma kada in sa rai zai koma yadda yake.

Daga baya wani ya nuna mini hoton bidiyo a waya. Ango ya sauka tun kafin magariba. Abokansa ne suka yi ta karɓa-karɓa, wannan ya sauka wancan ya hau, suna sukuwa a kan kwalta, suna fizgar linzami don ya yi zamiya a gaban 'yan mata. Na ƙirga mutum huɗu a abin da aka ɗauka kawai.

Ga inda maganar take, Malam. Da na je wurin aminina, ya rantse mini cewa lafiya lau aka dawo da doki, da ƙafarsa ya tako har gidana. Kuma ba ƙarya ya yi ba, a iya abin da idonsa ya gani. Tabarma in ta yage a gidan biki, a take ake ganin yagewar. Tukunya in ta fashe, kowa ya ji ƙara. Ko mota ce ka ara, kana karɓa ka zagaya ka ga inda aka goge ta. Doki kuwa yana iya tafiya da ciwonsa yana jiki da ɗumi, sai ya kwana biyu ciwon ya bayyana, lokacin yana kan turkenka, a hannunka. Wa za ka kama? Shi ba shi da bakin da zai ce wane ne ya yi masa. Mai aro ya ce a gidanka ya samu, kai ka san ba haka ba ne, babu mai raba ku. Wata takwas bikilin nan ya yi a tsaye ina ciyar da shi. Ya warke har ana hawansa, amma bakinsa bai ƙara laushi ba, kuma da ya ji an taru ana ihu sai ya fara tutsu. Ni da aminina har yau muna gaisawa a masallaci, amma rabon da ya taka zaurena tun wancan lokaci. Zumuncin da ka ce ya fi dabba, aron ne ya cinye shi. Da na ce masa a'a tun farko, da ya yi fushin mako guda ya huce.

Wanda bai zauna da doki ba yana ganin girmansa da ƙarfinsa sai ya ɗauka komai aka yi masa zai ɗauke. Ba haka halittarsa take ba. Doki ba ya amai. Abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan, kuma tumbinsa ƙarami ne in aka gwada da jikinsa, shi ya sa ake ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Mai aro, da kyakkyawar niyya, don a ce ya karrama dokin mutane, sai ya cika daro da dawa ko gero ya ajiye masa. Dokin da ya saba da tiya guda ya shanye tiya uku a zama ɗaya. Cikin dare ciki ya murɗe, ya yi ta kwanciya yana birgima yana duban kwiɓinsa, in ba a yi sa'a ba kafin gari ya waye ya mutu. In ya tsira daga wannan, yawan hatsin na iya sauka a kofatansa su ɗauki zafi, ya kasa tsayuwa. Wannan fa ba mugunta ba ce, karamci ne na wanda bai sani ba. Ga kuma ƙishirwa. Doki na shan lita 30 zuwa sama a yini in ana zafi, kuma daga 2022 zuwa 2025 ƙaramar Sallah tsakanin ƙarshen Maris da farkon Mayu take faɗowa, lokacin da zafin Kano da Katsina da Damagaram ke haura digiri 40. A ɗora wa dabba jalala da kayan ado masu nauyi tun hantsi, mai hawa yana tunanin rawaninsa da hoton da za a ɗauke shi, ba wanda ya tuna da bokitin ruwa.

Sai linzami. Linzaminmu na gargajiya mai zobe ne da ke kewaye haɓa, ga ƙarfe da ke tokarar ganda. A hannun gwani ba ya cutarwa, domin gwani kusan ba ya ja, nuni kawai yake yi. A hannun wanda ke tsoron faɗuwa kuwa, linzamin ne abin riƙonsa, da shi yake rataye nauyin jikinsa duka. Aikin shekara biyu yamma ɗaya ta isa ta rushe shi. Rauni na warkewa, amma abin da doki ya koya a ranar da aka wahalar da shi ba ya mantawa.

Ka ce a da ba a yin haka. Ina ganin a nan ne ka fi yin nisa da gaskiyar lamarin. Maƙwabcin da ke aika yaro a kwanto masa doki a wancan zamani shi ma mahayi ne. Doki ne abin tafiyarsa zuwa kasuwa da gaisuwar mutuwa, ya san ɗaurin majayi, ya san inda zai tsaya ya shayar, kuma duk gari an san irin hannunsa. Ba a jera masa sharaɗi domin sharaɗin na cikin kansa tun yana yaro. Saurayin yau a kan babur ya tashi. Ba laifinsa ba ne, amma abin da ya sani game da abin hawa shi ne ka murɗa ya tafi, ka taka ya tsaya, ka jingine shi ka shiga gida. Kuma wancan maƙwabci a kan turɓaya yake tafiya. Dawakinmu yawancinsu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kwalta na cin kofato, tana da santsi, duk dirar ƙafa kuma tana komawa ga jijiya.

A gidajen sarauta ma, inda dawaki suka fi yawa, ba a taɓa sakin doki haka kawai ba. Akwai Shamaki da barga ke hannunsa, akwai masu kula da kowane doki. Ubangida kan ba baransa doki, haka ne, amma wane bara? Wanda ya yi shekaru a ƙofar gidan, aka ga hankalinsa, aka san in dokin ya kwana da yunwa shi za a tambaya. Dokin na wurinsa, amanar na wuyansa, ubangida kuma na da ido a kai. Mutum yake fara shiga barga kafin ya hau sirdi. Abin da kake kira al'ada, wato a miƙa ragama ga wanda ya zo da safe a karɓa da dare, sabon abu ne da ya zo tare da hawan angwanci na nuna isa.

Dubi makiyaya, waɗanda ba wanda zai kira su marowata a kan dabba. Fulani, musamman a Nijar, suna da abin da suke kira habbanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa ko abokinsa da ya rasa garke karsana ya riƙe, ya sha nononta, in ta haihu 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Ban san wata kyauta da ta fi wannan nuna zumunci ba, amma kowa ya san ƙa'idarta tun ranar da aka miƙa igiya, kuma wanda aka ba ya fi tattalin saniyar nan a kan nasa, domin mutuncinsa na rataye da ita. Mata a ƙauyukanmu da ke ba da akuya ko tunkiya kiwo su ma sun san yadda ake rabon 'ya'ya. Duk inda Bahaushe ko Bafillace ya ba da abu mai rai, da ƙa'ida yake bayarwa. Don me doki, wanda ya fi su tsada ya kuma fi su saurin lalacewa, shi kaɗai za a ce a bayar ido rufe?

Ka kawo hujja da addini, kuma ina girmama hakan. Ka ambaci Suratul Ma'un da zargin da ta yi wa masu hana aro. Malaman tafsiri da suka fassara kalmar da kayan aro, misalan da suka kawo su ne gatari da tukunya da guga, kayan da maƙwabta ke miƙa wa juna kullum ba sa raguwa da komai. Waɗansu ma sun ce zakka ake nufi. Ka kuma kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari dokin Abu Ɗalha mai suna Mandub a daren da aka ji wata firgita a Madina. Haka aka yi. Amma dubi wanda ya hau, dubi dalilin hawan, sannan dubi yadda dokin ya dawo: da yabo ya dawo, ba da miki ba. Hadisin ya nuna aron doki halal ne kuma alheri ne, ba wanda ya musa. Bai ce duk wanda ya tambaya dole a ba shi ba.

Da ka ƙara buɗe littattafan da muke karantawa a zaure, da ka ga abin da ya sa mai doki ke ɗari-ɗari. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado, shi ke lamuninsa in ya ɓata. Dabba kuwa ba ya biya, sai in ya ƙetare iyaka. Ka ga ke nan asarar doki a kan mai shi take faɗawa, sai in ya iya nuna an wuce abin da ya yi izini. To in bai faɗi iyakar ba fa? Wace iyaka zai ce an ƙetare? A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ya ari abu yana iya ara wa wani matuƙar mai abin bai hana ba. Ko a kan wanda zai ciyar da dabbar aro ma, zance biyu malaman suka kawo. Wato abokan angon nan huɗu da suka yi karɓa-karɓa da bikilina, shirun da na yi ne ya buɗe musu ƙofa. Shari'a ba ta ɗauki faɗin sharaɗi a matsayin rashin yarda ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga mutanen da suka fi mu amana ta sauka.

Akwai wani gefe da ban ga ka taɓo ba, kuma shi ya fi ba ni mamaki, tunda samari marasa doki kake karewa. Su ne fa wannan aro na ba-sharaɗi ya fi cuta. Ina ɗan shekara 17 wani attajiri a unguwarmu ya ba ni wani akawali da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya ce in riƙe shi kamar nawa. Na riƙe. Da damina na yi ta fita da lauje tun asuba, da rani ɗan abin da nake samu a ɗinki ya ƙare a harawa da dusa da kanwa. Na cire masa kaska ɗaya-ɗaya, na yi masa wanka, na gyara masa kofato. Wata goma sha ɗaya, dokin ya murje, gashinsa na ƙyalli, mutane na tsayawa su kalle shi. Na ɗinka riga, na ari rawani, na gaya wa duk abokaina zan hau bana. Saura kwana biyu Sallah aka aiko a tafi da shi, wai an samu mai saye. Ko sisi ba a ba ni ba, ko sannu. Da kawuna ya je ya yi magana, aka ce ai aro ne, mai abu ya karɓi abinsa. Kuma haka ne, ba mu da ta cewa, domin babu abin da aka faɗa ranar da aka ba ni shi. Ranar Sallar nan ban fita ba.

Wannan na faruwa har gobe. Yaro ya yi shekara yana wahala da doki, jajibere a ce ɗan mai gida ya dawo daga makaranta shi zai hau. Akwai kuma masu dawakin da suka san dokinsu na harbi ko cizo, ko yana ɗaukar mutum ya ruga in ya ji kalangu, su yi shiru su bayar, yaro ya dawo da karaya a bar iyayensa da kuɗin ɗori. Ba na kare irin waɗannan, kunya ce gare mu masu dawaki. Amma ka lura, abin da ya cuce ni ina yaro da abin da ya cuce ni ina mai doki abu ɗaya ne: maganar da ya kamata a yi a zaure ba a yi ta ba, saboda kunya. In babu magana, mai ƙarfi ne ke cin riba, kuma tsakanin attajiri da ɗan talakan da ke riƙe masa doki ka san wane ne mai ƙarfi. Sharaɗin da kake ƙyama shi ne kaɗai garkuwar yaron.

Ban ma shiga zancen cuta ba. Dokin da ya kwana a wata barga ya sha ruwa a kwano ɗaya da baƙin dawaki yana iya dawo maka da mura ta bi sauran, kuma waɗanda suka ga yadda murar dawaki da jakuna ta ratsa Sakkwato da Nijar a 2018 da 2019 ba sa wasa da wannan. In kuma mai aro ya take yaro a kan titi, ba a tambayar wa ke kai, dokin wane ne ake tambaya. Irin wannan ganganci ne ya sa 'yan sanda a Kano suka sha hana kilisa a kan tituna, hanin kuma ya haɗa da waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Masu ba da hayar doki don kuɗi sun riga mu gane wannan. Ba sa sakin doki sai da yaronsu a gefe yana riƙe da ragama, an yanka lokaci, an yanka kuɗi, ba kuma wanda ya taɓa cewa sun ci masa mutunci. Sai in kyauta ce ake ganin tambaya ta zama zagi. Masu ƙwallon dawaki ma haka. A wasan nan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya kafa a Katsina, wanda ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa, 'yan wasa na ara wa juna dawaki, amma zagaye ɗaya minti bakwai ne, a sauka a canza doki, mai kula da shi na tsaye a bakin fili da ruwa. Doki mai horo, a kan ciyawa, ƙarƙashin gwani, minti bakwai. Namu kuma a ce ya yi awa biyar a kan kwalta ƙarƙashin duk wanda ya ga dama, in mai shi ya yi magana a ce marowaci ne.

Tsoron da kake ji na mutuwar al'ada ni ma ina jin sa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada, muka yi murna. Amma Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ba rawani da alkyabba kaɗai ba ne. A bayan kowane mahayi akwai baduku, da maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa, da wanda ya sassaƙa sirdi, da yaron da ya tashi da asuba ya share barga kwana ɗari uku da sittin don a yi hawan kwana huɗu ko biyar. Abin da nake gani yana ƙarewa shi ne wannan yaron. Masu son hawa sun yi yawa, masu son doki sun yi kaɗan. Na san mutum uku da suka sayar da dawakinsu suka tuge turke, kuma dukansu ba tsadar harawa kaɗai ta kore su ba, har da gajiya da masu aro da ba a iya ce musu a'a. Duk turken da aka tuge, doki ɗaya ya ragu a sahun hakimi.

Ni ban daina ba da aro ba, kada ka ɗauka haka. Abin da na daina shi ne shiru. Wanda ya zo, muna zama a zaure da mutum ɗaya ko biyu, in ce masa kai kaɗai za ka hau, daga nan zuwa can, ba sukuwa a kan kwalta, da sirdinsa zai tafi, abincinsa daga gidana za a kai, yarona na tare da shi har ya dawo, kuma kafin magariba. In faɗa masa halin dokin, abin da yake tsoro da abin da ba ya so, ba na ɓoye komai. In kuma riƙo ne na watanni, mu faɗi wanda zai ciyar, wanda zai biya likita, ranar da zan iya karɓa, da rabon da yaron zai samu in an sayar, a rubuta a takarda kowa ya riƙe tasa. Waɗansu na jin haka su tashi su ce na cika tsanani. Waɗanda suka zauna suka saurara har ƙarshe, ban taɓa samun matsala da ko ɗayansu ba. Wanda kuma ban taɓa ganin zamansa a kan sirdi ba, ko ɗan wane ne, ba ya fita da dokina, sai dai ya zo mu fita kilisa tare in gani.

Yanzu haka akwai yara uku da ke zuwa bargata, babu ɗana a cikinsu. Ɗaya ɗan mai gyaran babur ne, ya fara zuwa shekara biyu da suka wuce yana leƙe ta kan katanga. Wata shida ya yi yana kwashe kashi da ɗebo ruwa kafin ya sa ƙafa a likkafa. Yau in doki ya ƙi cin abinci shi ke fara lura kafin ni. Na riga na faɗa masa a gaban mahaifinsa cewa kilin da ke hannunsa shi zai hau in Allah ya kai mu hawa, ko da ɗan cikina ne ya zo nema. Samarin da ka gani tsaye a bakin hanya, Malam, in ka san ɗaya daga cikinsu ka turo mini shi. Ya zo bayan sallar asuba, kada ya sa farar riga, in yana da lauje ya taho da shi.